Idon Kifi a Motar Boeta Toyer

A layinsu da ke Athlone ba a kiran Toyer Salie da sunansa haka nan gatsau. Boeta Toyer, wato Yaya Toyer, kowa ke cewa, har da tsofaffin da suka girme shi. An haife shi a tsohuwar unguwar da ke gindin dutse, yana yaro gwamnatin wancan zamani ta kwashe su ta zube a wannan fili mai rairayi. A nan ya girma, a nan ya auri Galiema, daga nan kuma yake fita kullum da asuba ya tuƙa bas ɗin haya zuwa cikin gari, har gashin kansa ya yi fari aka sallame shi da agogon bango da takardar yabo.

Abu ɗaya ya mallaka da ake nuna shi da shi: tsohuwar mota Cortina shuɗiya, ƙirar shekarun saba'in, wadda wansa Gasant ya bar masa da zai rasu. Motar ta yi wa layin nan hidima. Ta kai amare gidajen mazajensu, ta kai masu naƙuda asibiti, ta raka alhazai filin jirgi da tulin kaya a bayanta. Injinta bai taɓa ba shi kunya ba, amma rana da iskar teku mai gishiri sun cinye fentin, har shuɗin ya koma kalar toka, tsatsa kuma ta fara leƙowa ta gindin ƙofofi.

Da ya yi ritaya sai ya ce da hannunsa zai fesa mata sabon fenti, a rumfar da ke jikin gidansa. Galiema tana yankan albasa ta ce, "Kai da ko bangon banɗaki ka shafa sai na biyo ka da tsumma?"

"Bango daban, mota daban."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma kada in ga ɗigo ɗaya a kan tukwanen furena."

Mijin 'yarsa ya ara masa injin iska na feshin fenti, da sharaɗin ranar Asabar kawai, don sauran ranaku yana aiki da shi. Toyer ya kankare tsatsa, ya cike ramuka da foti, ya goge da samfefa har yatsunsa suka daina jin ɗumin kofin shayi. Ya rufe gilasai da tsofaffin jaridu, ya zagaye rumfar da leda. Da murfin but ya fara gwaji. Da fentin ya bushe sai ga shi gurji-gurji, sak ɓawon lemo. Ya shafa shi da hannu. Daga nan ya kwance murfin, ya ɗora a baro, ya tura zuwa tsallaken titi, gidan Oom Basil, wato Kawu Basil.

Basil Fortuin Kirista ne, kuma tsohon mai fentin motoci. Ya yi rayuwarsa cikin hayaƙin fenti a zamanin da ba a damu da rufe hanci ba, ƙirjinsa ya tafi a haka. Tun da matarsa ta rasu yake zaune bakin taga da robar iska a hanci, tukunyar iskar a gefen kujerarsa. Likita ya hana shi ko kusantar inda ake feshi. Shi da Toyer sun daɗe suna maƙwabtaka, amma gaisuwa ce kawai da musun ƙwallo ta haɗa su.

Ya leƙo ta taga ya dubi murfin, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Direba, lemo ka koma sayarwa? Kawo wuƙa mu ɓare."

"Oom Basil, shawara na zo nema, ba tsiya ba."

"Tsiyar kyauta ce, shawarar kuma sai ka kawo min koesista, fanken nan mai kwakwa na Anti Galiema, ranar Lahadi. Fentinka ya yi kauri, ƙara masa tina. Kuma ka tsaya nesa da ƙarfen kamar kana tsoron ya cije ka. Matso, taƙi ɗaya tsakaninku. Tsaya ma tukuna, me kake rufe hancinka da shi?"

Toyer ya zaro hankici daga aljihu. Fara'ar ta ɓace daga fuskar tsohon. Ya ɗaga robar da ke hancinsa ya ce, "Ka ga wannan? Hankici ne ya kawo ni nan. Je ka sayi takunkumi na gaske, mai matata biyu. In na hango ka ba shi, kada ka sake turo baronka ƙofata." Toyer bai yi musu ba, a ranar ya saya.

Haka suka kama. Duk Asabar sai a ga Boeta Toyer ya tsallaka titi da ƙofa ko bonet a baro, mutanen layi suna yi masa kirari da mai tallan ƙarfe. Da ya gyara kaurin sai fentin ya riƙa zirarowa kamar hawaye. Basil ya ce, "Kana tsayawa a ƙarshen layi kamar bas a tasha. Babu fasinja a nan, wuce abinka. Fara feshi kafin ka iso ƙarfen, ka saki bayan ka fita." Ya sa shi ya cika bindigar feshin da ruwa zalla ya yi ta koyo a jikin katanga, shi kuma yana ƙwala masa gyara daga taga: "Kada ka karya wuyan hannu! Da kafaɗa ake tafiya!"

Sai lokacin sanyi ya shigo, wanda a can shi ne lokacin ruwan sama. Wata Asabar fentin ya kwanta sumul, amma kafin yamma ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Basil ya ce laima ce, ya haƙura sai rana ta dawo. Toyer ya haƙura. A watannin nan, ko ba ƙarfe a baro yakan tsallaka da butar shayi, su zauna su yi ta hirar tsohuwar unguwa, don ashe layi biyu ne kawai tsakanin gidajen da aka haife su.

Da zafi ya dawo Toyer ya ji hannunsa ya faɗa. Ya shirya tsaf, ya fesa bonet, fentin ya kwanta kamar ruwa a faranti. Yana tsaye yana murmushi a cikin takunkumi sai ya ga ƙananan ramuka suna buɗewa nan da can, kowanne zagayayye da ɗigo a tsakiya.

"Idon kifi," in ji Basil da ya gani. "Maiƙo ne. Fenti ba ya shiri da maiƙo, gudunsa yake. Ka zubar da ruwan da ke taruwa a cikin injin iskar?"

"Na zubar."

"Ka taɓa ƙarfen da hannu bayan ka goge?"

"Ko kusa."

"Man goge kujeru fa, ko na taya?"

Toyer ya kwashe duk wani gwangwani da ke rumfar, ya sake tiyo, ya sayo sababbin tsummoki. Ya kankare, ya sake fesawa. Idanun suka dawo, har sun fi na da yawa. Ya sake, suka sake dawowa. A nan ne zuciyarsa ta karye. Ya zauna a kan bokiti kusa da motar, rabinta toka rabinta tabo-tabo, yana tunanin ya ɗauki amanar Gasant ya wulaƙanta. Ya je ya gaya wa Basil zai nemi masu sayen tsofaffin motoci su zo su ɗauka.

"In ka sayar da ita a haka ban yafe maka ba," in ji Basil. "Asabar mai zuwa ka yi komai yadda ka saba. Ni zan zauna in zuba ido."

Asabar ta zo, Toyer ya fara shiri bayan azahar. Bai kai ga haɗa fenti ba ya ji ana buga gilashin taga da cokali daga tsallake. Ya je da sauri. Basil yana haki yana nuni da yatsa. "Juya ka dubi gidanka. Waccan tagar ta ina ce?"

"Ta kicin."

"Me ke fitowa ta cikinta?"

Toyer ya ƙura ido. Wani siririn hayaƙi ne ke fitowa, iska tana kwantar da shi ta saman ledar, kai tsaye cikin rumfa. Tun da aka rufe masana'antar ɗinkin da take aiki, Galiema take soya koesista ranar Asabar, ta tsoma a ruwan sukari ta barbaɗa kwakwa da safiyar Lahadi, mutane su yi layi da kwanoninsu. Duk tsawon sanyi tagar a rufe take. Da zafi ya zo ta buɗe.

Ya rasa ta inda zai fara gaya mata. Da ya faɗa, ta ajiye matsami ta riƙe ƙugu. "Au, yanzu kuma ni ce? Man da ya biya wa 'ya'yanka makaranta shi ne ya zama abin ƙi? Ko tagar na rufe, ai sai na buɗe ƙofa, ko so kake in shaƙe?"

"Ban ce ki daina ba, Galiema."

"To me ka ce?"

Ya juya ya fita. Kwana biyu tana ajiye masa abinci ba magana. Ranar Asabar da safe sai ya gan ta tana loda kasko da tukunyar gas da buhun fulawa a baronsa.

"Ina zuwa?"

"Bayan gidan Oom Basil, ƙarƙashin ɓaure, nesa da tagarsa. Mun riga mun gama magana da shi. Tura, kada ka tsaya kana kallona. Kuma ɗauko ludayina, ban san abin da nasa ya taɓa ba."

Toyer ya tura baron ya ce, "Allah ya saka miki da alheri."

"Amin. Kauce wa ramin nan."

Ya wanke bangon rumfar da sabulu, ya sauya leda, ya kankare motar har ƙasa ya goge ta da maganin maiƙo. Ranar da zai yi babban feshin, Basil ya aiko masa da wani abu a naɗe cikin tsohuwar riga: bindigar feshinsa ce ta aiki, wadda ya ajiye tun ranar da ya bar gareji, tana ƙyalli kamar jiya aka wanke. Toyer ya yi bisimilla ya fara daga rufi. Ya bi layi bayan layi, da kafaɗa, bai tsaya a ƙarshe ba. Ya jira, ya duba, babu ido ko ɗaya. Shuɗin ya fito mai zurfi, har yana ganin gemunsa a jikin ƙofa.

A makonnin da Galiema ta yi tana suya a can, masu sayen koesista suka koma yin layi a ƙofar Basil. Mutumin da kan wuni ba wanda ya ce masa sannu ya zama sai ya tsokani kowane mai saye kafin mai sayen ya karɓi kwanonsa. Da motar ta bushe aka ce ta dawo kicinta, sai ta ce inuwar ɓauren ta fi mata daɗi, ta ci gaba da zamanta.

Fitar farko, Toyer ya kawo motar har ƙofar Basil. Shi da Galiema suka tallafo tsohon zuwa kujerar gaba, suka ɗaure tukunyar iskarsa a baya, suka nufi bakin teku a Strandfontein. A hanya matasa suna ta yi musu fito, wani mai tasi ma ya leƙo ya tambayi wane gareji ne ya yi aikin. Da suka tsaya, Basil ya sa aka fito da shi. Ya zagaya motar a hankali yana dafa ta, ya sunkuya, ya duba ta gefe da ido ɗaya. A ƙasan ƙofar baya ya tsaya.

"Ga ɗan ɗigo nan, direba."

"Na gani. In goge?"

"Bar shi. Wanda zai gan shi sai ya durƙusa."

Toyer ya kama hannunsa da hannu biyu. "Oom Basil, ban san da bakin da zan gode maka ba."

"To kada ka ɓata bakin. Je ka sayo mana kifi da dankali, yunwa nake ji. Ka ce su zuba barkono da yawa, likita ba ya nan."

Basil ya ƙara ganin sanyi biyu bayan wannan. Duk ranar asibitinsa Toyer ne ke kai shi, ya jira shi, ya dawo da shi ta hanyar bakin teku ko da ta fi nisa. Da ya rasu, 'yarsa ta zo daga Johannesburg ta roƙi Toyer ya bi bayan gawar da Cortina zuwa coci. Toyer ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, ya tuƙa a hankali, Galiema a gefensa da babban kwanon koesista a cinya don masu zaman makoki.