Ranar da Direban Ruwa Ya Goge Kwalekwalensa

Ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Tun yana saurayi wani baƙo ya ce masa Direban Ruwa, sunan ya bi shi har furfura. Masaukinsa ɗan ƙarami ne a bakin tafki: doguwar baranda, kujerun katako, da ɗakuna masu tagogi suna kallon ruwa. Amma ba don ɗakunan ake zuwa ba. Don kwalekwalensa ake zuwa.

A wancan zamani ofishin yawon buɗe ido yakan buga ɗan littafi mai sunayen masaukai. Gefen kowane suna akwai ƙananan zane-zane masu nuna abin da baƙo zai yi a wurin: kifi ga masu ƙugiya, doki ga masu hawa. Ba a ba da alama da ka. Jami'i kan zo a kan keke ya gani da idonsa. Da ya zo wurin Direban Ruwa, sai da ya shiga kwalekwalen, hannu ɗaya a hula ɗaya a katako, aka kai shi tsakiya aka dawo da shi, sannan ya amince. Shekarar da littafin ya fito da ɗan kwalekwale gefen sunansa, har mai kawo gawayi sai da aka nuna masa.

Yana da tasa hanya. Ba ya magana in yana tuƙi. Sai an kai tsakiyar tafki ya ɗaga filafili, ya ce, "Ku saurara." Babu abin ji, kuma shi ne abin da baƙi ke tunawa.

Shekaru suka tura. Littafin ya koma cikin waya, autarsa ta gama makaranta ta sami aiki a wannan ofishi, ita ce ma mai duba alamomin. Kafaɗar tsohon kuwa ta ƙi. Aka kife kwalekwalen a ƙarƙashin bishiya, wai kafin ya warke. Alamar dai ta zauna inda take, abokan aikin Auta suka kau da kai saboda kunyarta.

Wata safiya wani mutum ya iso da 'yarsa, an saya mata sabuwar rigar kariya ta shiga ruwa, har ta saka tun daga mota. A waya suka ga alamar. Tsohon ya je zai birkice kwalekwalen, ya kasa ɗaga ko gefe ɗaya, sai kaza ce ta fito da gudu. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta cire rigar, ta ninke ta a hankali, ta miƙa wa ubanta.

Ƙarshen mako Auta ta zo, ta same shi a baranda.

"Baba, an kai ƙara ofis."

"Ƙarar wa?"

"Ta alamarka. Ƙa'idar ita ce, abin da baƙo zai samu in ya zo yau, shi ake sa wa. Ba abin da aka yi a da ba."

"Kafaɗa ce kawai. In sanyi ya wuce..."

"Sanyi nawa ya wuce, Malam?" matarsa ta ce daga ƙofar kicin. "Kazar nan a ciki aka ƙyanƙyashe kakarta."

"Ke da tun da na auro ki ba ki taɓa shiga ba!"

"Shi ya sa har yau nake da rai."

Auta ta danne dariya. "Ko a ɗauki wani ya riƙa tuƙawa?"

Tsohon ya dubi kwalekwalen. Ya daɗe da sanin katakon ƙasan ya ruɓe, yatsa ma huda shi yake. Ya kuma san tana iya goge alamar daga kujerarta ta ofis ba tare da ta tambaye shi ba. Zuwa ta yi don kada ya ji a bakin wani.

"In an cire, me ya rage?" ya ce. "Tsoho mai hayar ɗaki."

"Akwai wasu alamomin, Baba. Iyo, hawan keke, kallon tsuntsaye. Tun da ka daina shiga tafkin, ka ga yadda tsuntsayen suka cika ciyawar bakin ruwa?"

"Waɗannan ɓarayin kifin?"

"Daga nesa ake tasowa dominsu."

"Ni duk sunansu ɗaya a wurina: tashi!"

Ya miƙa hannu, ta ba shi wayar. Ya sa tabarau ya duba. Ɗan kwalekwalen nan ne na littafi, bai tsufa ba ko kaɗan. Ya tuna riga a ninke a hannun yarinya.

"Ina ake dannawa?"

Ta nuna masa. Ya danna, wayar ba ta ji kantar yatsansa ba. Ya goge yatsan a riga ya sake. Gefen sunan ya zama fili.

"In sa tsuntsayen?" Auta ta tambaya a hankali.

"Kada ki sa tukuna. Wancan jami'in sai da ya shiga ruwa. In na iya sunayensu, ki zo da kanki ki gwada ni."

Baƙi sun ragu, wannan ba a ɓoye yake ba. Yanzu da safe a kan kifaffen kwalekwalen ake samunsa, da wani littafin tsuntsaye da wani baƙo ya manta tun da daɗewa. Ya riƙe zalɓe da belbela, ƙananan ne ke ba shi wuya. Matarsa na cewa ɗalibin da ya fi kowa tsufa a duniya a gidanta yake. Gefen sunansa har yau babu komai, shi ya hana. Amma in baƙo ya zo ya zauna kusa da shi, bayan ɗan lokaci yakan rufe littafin, ya ɗaga hannu mai lafiyar, ya ce, "Ku saurara."