Drita, Wadda Ta Koya Wa Rumbunmu Rage Murya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Yuli, labari ya iske ni a gona cewa Allah Ya yi wa Drita Selmani rasuwa a Cairns, bayan jinyar da ta yi ta ɓoye mana har ta ƙi ɓoyuwa. Ni da na ci tuwon sunanki, Drita, yau ni ke rubuta ta'aziyyarki. Ba haka muka so ba, amma ba mu ke tsarawa ba.

Kowa a garinmu Mareeba da abin da zai tuna ki da shi. Ni kakar mangwaron nan nake tunawa, lokacin da nake shugabantar rumbun ƙungiyar manoma. Kowane kwali sai an haska lambarsa da 'yar na'ura kafin ya hau tirela, na'urar kuwa da waifai take aiki. A shekarar, da zarar tireloli sun cika farfajiya sai waifai ya ɗauke. Kwalaye a jibge, direbobi na zage-zage, mangwaro kuwa ba ya jiran kowa. 'Yan kasuwar Brisbane suka aiko cewa in kaya suka sake isa a luguiguice, mu da su har abada. Wahalar shekara guda ta dukan manomanmu ke nan.

Kwamitinmu magani ɗaya ya sani: a ƙaro akwatunan waifai, a ƙure musu ƙarfi. Rufin rumbu ya koma kamar bishiyar da jemagu suka sauka, ciwo kuma sai gaba yake yi.

Sai kika taso daga Cairns, inda kike aikin injiniyan sadarwa, kwamfuta rataye a wuya, 'yar eriya a hannu. Kika ƙi aunawa da safe lokacin da wuri ke shiru. Sai da rana ta take, hayaniya ta kai maƙura, kika shiga zagaye.

Da kika gama kika ce, "Baffa, ka san walimar gidanku? Kowa na ɗaga murya don a ji shi, ƙarshe ba mai jin kowa. Haka akwatunan nan suke, duk a tasha ɗaya."

"To nawa za a ƙaro?"

"A kashe rabi."

"Ubanki ya kai ki jami'a don ki zo ki kashe mana kaya?"

"Don in san wanda zan kashe, Baffa."

Kika kashe, kika rage wa sauran ƙarfi, kika raba musu tashoshi yadda maƙwabci ba zai taka maƙwabci ba. Saura ƙara ɗaya da eriyarki ta bi har farfajiya: kowane direba ya mai da wayarsa gidan waifai, ga kyamarorin bayan tireloli suna ta watsa hoto. Kika ce a kashe su tun daga ƙofa.

Trevor, dattijon direbobi, ya ce, "Yarinya, matata ma ba ta raba ni da wayar nan ba."

"Ai ita ta aiko ni," in ji ki.

Dariyar da aka yi ce ta karya shi. Amma ba ki bar su haka ba. Kika buɗe musu tasha tasu a rumfar hutawa, kika haɗa da shayi da burek, gasasshen burodin nan mai nama a ciki na mahaifiyarki. A yinin nan tireloli suka fita kamar an ɓalle dam. Mangwaro ya isa Brisbane da ƙarfinsa, kuma har gobe can yake zuwa. Daga baya makarantarmu da gidan tsofaffi duk kin gyara musu waifai, ba ki taɓa bari a yi shela ba.

Ranar jana'izarki tireloli suka yi layi har bayan maƙabarta. Trevor, wanda bai san ko Fatiha ba, ya tsaya a ƙofa, hula a hannu, yana tare duk mai shiga.

"A kashe waya," yake cewa. "Drita na ciki."

Ban taɓa jin addu'ar liman ta fita tar kamar ranar ba.

Allah Ya jiƙan ki, Drita, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ga mahaifiyarki Sabrije, da mijinki Naim, da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.