Awarwaron da ya zarce har kafaɗa

Shekarun baya, tun muna kashe sule da sisi, maigidana yana aiki a ɗakin shan magani na Ajingi. Wata likita mai bincike ta zo daga jami'a da siririyar roba mai launi uku. A zagaya ta a damtsen yaro, in ta tsaya a ja, tamowa ta kama shi. Tunda namiji ba ya shiga gidajen mutane, ni aka danƙa wa gwajin. Na yi sakandare fa, sai jin kaina nake.

Na fara da 'yar maƙwabciyata, wadda ke ta ramewa tun da aka yaye ta. Ina naɗa robar, kakarta ta fizge ta.

"Ke 'yar nan! Awo kike mata? Kabari za ki sa a haƙa?"

"Inna, lafiyarta zan duba."

"Bokon nan bai yi miki rana ba. Tashi ki ba mu wuri."

Wallahi shaf na manta cewa a wajenmu gawa ake aunawa da kara. Na koma gida ina kuka, ga yarinya an hana ni ganinta.

Washegari na ce wa likitar, mu mata da awarwaro muke gane rama, in ya fara yawo a hannu. Sai ta zana faɗin awarwaron da take so a takarda. Maigidana ya kai wa wani maƙeri a Gaya.

Da aka ƙera awarwaron, na kai shi gidan su yarinyar a matsayin tsaraba. Inna da kanta ta zura wa jikarta. Ya wuce gwiwar hannu, ya zarce har kafaɗa. Ta daɗe tana kallonsa.

"To, 'yar boko, me za a ba ta?"

Na ce kunun gyaɗa, wake da ƙwai, da zuwa awo duk mako. Alhamdulillahi, kafin kaka awarwaron ya ƙi hawa.

Likitar ta yi watanni tana gwada shi da sikeli kafin ta yarda a raba. Daga nan maƙerin ya shiga ƙerawa yana sayar wa ɗakunan shan magani, har Kademi da Toranke.

Na gane komai kyan abin da masana suka ƙirƙiro, sai ya bi ta hannun irin su Inna kafin ya kai ga yaro. Yarinyar nan yanzu jikokinta huɗu. Duk sallah in ta zo gaishe ni, sai ta miƙo min damtsenta tana dariya: "Mama, a auna."