Muryar da Baɗriƙ ke Ganewa

Shekarata uku ina aiki a wani gida a unguwar Ƙuba, can ƙasar Larabawa, ina kula da wata tsohuwa Balarabiya da ba ta iya tashi. Ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. 'Ya'yanta sai ranar Juma'a suke leƙowa. Sauran kwanakin daga ni sai ita sai talabijin.

Wata rana bayan La'asar ina ba ta romon da suke kira shurba da cokali, aka nuno wasu tsuntsaye tsaye a kan ƙanƙara, baya baƙi, ciki fari, suna tafiya kamar masu ciwon ƙugu.

"Hajiya, wannan tsuntsu ne ko kifi?"

"Baɗriƙ," in ji ta.

Ni batir na ji. Na ɗauko rimot ina kiciniyar buɗe bayansa. Ta yi dariya har shurba ta sarƙe ta, tana ce mini miskina. Na yi ta bubbuga mata baya ina istigfari, don da wani abu ya same ta, ni ce sila.

Da ta lafa, ta riƙa yi mini bayani, rabi da Larabci rabi da hannu. Ba sa tashi sama. Teku suke shiga su kama ƙananan kifaye. Na ga sun yi cincirindo a bakin ruwa, kowa na jiran wani ya fara faɗawa, saboda akwai wata dabba a ƙasa, kamar kare marar ƙafa, jikinta da ɗige-ɗige. A idona ta cafke ɗaya tana fyaɗa shi a kan ruwa. A tudu kuma, inda aka baro 'ya'ya, wani tsuntsu mai kama da shirwa yana shawagi. Na so in ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda suka fito, na kasa. Na yi musu addu'a a zuci, sai kuma na shiga tunanin ko ya halatta.

Uwar da ta tsira takan dawo da ciki taf, ta amayar wa ɗanta a baki. Amma 'ya'yan ba sa ƙirguwa, kuma duk kamarsu ɗaya.

"To ya take gane nata?"

Hajiya ta taɓa kunnenta. Da murya. Uwa ta yi kira, ɗa ya amsa.

Cokalin ya tsaya a hannuna. 'Yata tana da shekara uku na bar ta wurin Innata a gida. A kiran da na yi na ƙarshe ita ta ɗauka. Larabci ya kuɓuce mini, na ce, "Kef halik? Yalla, ba ni Inna." Na ji ta juya tana cewa, "Inna, Balarabiyar nan ce." A lokacin na ɗora laifin a kan waya.

Daga ranar na fara sauraron bakina. Ɗayyib, khalas, yalla, duk sun cika shi. Na koma yi wa Hajiya Hausa, tana kallona. Ina wanke-wanke ina faɗin sunayen abubuwa: ludayi, faifai, maburgi. Akwai kalmar da na yini ina nema ban samu ba, har yau tana damuna.

Ranar Juma'a, da 'ya'yan Hajiya suka zo, na shige kicin na kira gida. Inna ta ce yarinyar ta ƙi cin tuwo. Na roƙe ta ta kara mata wayar a kunne. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini. Abin da nake ce mata tana ƙarama na faɗa.

"Aaam. Haɗiye maza kafin kaza ta gani."

Ina jin numfashinta.

"An yanka kazar da Sallah, Mama."

Ban sani ba ko ita ta gane muryata, ko Inna ce ta raɗa mata. Na so in tambaya, na ji tsoro. Can na ji Inna tana cewa, "Yauwa, ƙara loma ɗaya."

Hajiya ta ƙwala mini kira daga ɗaki tana son ruwa. Da Hausa na amsa mata.