Jirgin da ke Kife a Gindin Tsamiya

Na fi shekara ina kallon jirgin nan kafin in yi maganarsa da kowa. Yana kife gindin tsamiya a bayan gidan mai fito, bakin gulbin Bungudu, tun ranar da Allah ya karɓi ran mai shi. Kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai, awaki na hawa bayansa suna tsalle, rana kuwa ta tsattsage shi har akwai inda yatsa ke shiga. Kowa ya wuce, itacen wuta yake gani. Ni in na wuce, sai na juyo na ƙara kallo.

A lokacin ni bazawara ce da 'ya'ya a gabana. Sana'ata sayen gyaɗa da kalwa a ƙauyukan ƙetaren gulbi, in kai Gusau, wani lokaci har Tsafe. Da rani da ƙafa ake ƙetarewa, ko zane ba a naɗewa. Amma in damina ta zauna, ruwa ya cika ya yi jawur, sai dai a tsaya ana hangen juna daga gaɓa zuwa gaɓa. Tun rasuwar mai fito babu mai ɗaukar kaya a mashigin namu. Kalwar da na saya ta yi fumfuna a can ƙetare ina nan ina cizon yatsa. Na ce wannan ba za ta sake faruwa da ni ba. Jirgin nan nawa ne, in Allah ya so.

Matar marigayin tsohuwa ce da duk unguwa ke kira Inna, ƙanƙanuwa, mai kaifin baki kamar ni. Na same ta tana tsince wake, na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ke ma? Wani ya zo daga Gusau ya taya shi kuɗin itace, na kore shi da muciya. Ki ji da kyau, ɗiyata. Ba ni da ƙarfin ciniki. Taya ɗaya nike ji ga kowane mutum. In ta yi, ta yi. In na ce albarka, kada ki sake taka ƙofar ga da wannan magana."

Na ce, "Inna, ai ciniki ja ne da saki."

"A kasuwa ba. Nan gidan mijina ne."

Sai ta ƙara mini da abin da ya tayar mini da hankali. Wani mai shanu daga wajen Bilbis ya riga ya taya fam takwas, yana so ya kai shi bakin rijiya ya riƙa zuba wa shanunsa ruwa a ciki. Ba ta amsa ba, ba ta kuma ce albarka ba. Ta ce masa ya dawo in wata ya kama. A shekarun can naira ta riga ta shigo, amma bakinmu bai saba ba, da fam muke ciniki.

Na fito na kama hanyar gida. Taya ɗaya! In na yi ƙasa, na rasa jirgi har abada, shanu su sha ruwa a cikinsa ina kallo. In na yi sama alhali ruɓaɓɓe ne, jarina ya nutse, da me zan sayi kalwa?

Na hau mota zuwa Gusau wajen yayana, wanda ke lodi a tasha. Ya saurare ni yana ɓare rake, ya ce, "Wanga abu mai sauƙi ne. Ki taya yanzu tun yana bushe, tsagar nan duk a waje. Ki kai ta gabansa ki zura mata yatsa a kowane rami. Ki ɗara mai shanu da fam ɗaya, ki ja abinki."

Na ce, "Yaya, ni ma ban san abin da zan saya ba, ita ma ba ta san abin da za ta sayar ba. Wannan ciniki ne ko caca?"

"To ki tai ki yi wa'azi a bakin gulbi. Ina mace ina jirgi, in ba neman magana ba?"

Na tashi na kaɗe zanena. Na ce in ya zo Bungudu da damina zai biya kuɗin fito kamar kowa.

Daga nan na nufi Furfuri, wajen wani masassaƙi da aka ce shi ya taya marigayin gyara a da. Ya zo da 'yar gizagonsa ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce itacen maɗaci ne. Na tambaye shi nawa ya kamata in taya. Ya ce ba ya faɗin kuɗin busasshen jirgi. Sai an jiƙa shi tukuna. Ya kuma gaya mini gaskiya: in aka jiƙa ya yi kyau, tsohuwa za ta gani da idonta, kuɗinsa ya tashi a kaina.

Na ce a jiƙa. Na koma na roƙi Inna izini, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dai ba ki da wayo, ko kuwa wayonki ya yi yawa. Ku ɗauka."

Ranar da aka ɗaga shi, unguwa ta fito kamar ana suna. Kaji suka watse da kuka, wata ƙatuwar kunama ta fito aka bi ta da takalmi. Maza suka saɓa shi zuwa wani gurbi mai zurfi da ruwa ba ya ƙafewa ko da bazara. Ina gaba ina ba da umarnin da ba wanda ya nema. Aka tura shi cikin ruwa. Jama'a, kafin in gyara ɗankwalina ruwa ya fara tsartuwa ta ko'ina, jirgi ya cika, ya yi ƙasa yana kumfa. Na ɗora hannu a ka na kwarma ihu, "Wayyo, ya nutse! Ku tsamo shi!"

Masassaƙi ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba baiwar Allah, ai nutsewar muke so. Ku kawo duwatsu a danne shi!" Wai itacen ƙishirwa yake ji. In ya sha ya kumbura, tsagar rana za ta haɗe da kanta, sai ainihin ciwon ya rage. Kunya ta kama ni, domin abin da nake yi wa turmina ke nan duk rani in ya tsage, ban taɓa kawo wa raina jirgi ma haka yake ba.

Kwanakin da ya yi a ruwa ban zauna ba. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a bakin gurbi ina leƙen inuwarsa a ƙasa. Na koma Gusau na tambayi kuɗin kwalta da ƙusa. Na je Tsafe ranar kasuwa na tambayi katakon maɗaci. Na bi wasu masunta har masaukinsu sai da suka gaya mini abin da sabon jirgi mai wannan girma ke kamawa. Lokacin ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, sai daga baya da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da 'ya'yan tsamiya na yi lissafina a kan tabarma.

Da aka tsamo shi aka kwashe ruwan da ƙwarya, sai ga jirgi yana yawo a bisa ruwa kamar agwagwa. Na yi guɗa, ban san lokacin da ta fita ba. Tsagar nan da ke ɗaukar yatsa, ko tsinke ba ya shiga. Amma a wajen gindi ruwa na ɓulɓulowa ta wuri ɗaya. Masassaƙi ya sa gizago, itacen ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Gara ta ci wajen faɗin faifai, inda ya daɗe yana jingine da jikin tsamiya. Sai an yanke a sa sabon katako, a cusa tsumma, a bi da kwalta. Sauran jiki kuwa garau.

Inna na tsaye a gaɓa da sandarta, ta ga duka. Na hau na durƙusa gabanta.

Na ce, "Inna, ga tayina. Na ɗauki kuɗin sabo, na raba biyu don tsufansa. Na cire abin da gara ta ci, katako da kwalta da ladan masassaƙi. Abin da ya rage fam goma sha biyar. Ba zan cire komai don tsagar rana ba, kin ga ta haɗe. Sannan muddin kina raye, ke da kayanki ba mai karɓar kuɗin fito hannunki."

Wani daga baya ya ce, "Kai, matar ga ta haukace, kusan ninkin na mai shanu!" Na juya na ce ya rufe mini baki, ba da kuɗin ubansa zan biya ba. Amma fa rabin jarina ke nan na ajiye a ƙasa, kuma ban san ko ya kai ba.

Inna ta ce, "Ruwa za ki sa shi, ba bakin rijiya ba?"

"Ruwa, Inna. Ƙanen marigayi mijina zai tuƙa, ya iya tura jirgi da gora."

Ta daɗe tana kallon jirgin. Ta ce, "Na sallama. Allah shi sa alheri. Gorarsa na nan bayan ɗaki, ki haɗa da ita, ba ta cikin ciniki."

Na tashi na rungume ta har ta doke ni da sanda ta ce zan karya ta.

An gama gyara hadari na haɗowa a gabas. Da gulbi ya kawo ruwan fari, Inna ce ta fara shiga, ta zauna daidai wajen sabon katakon tana danna shi da diddige, wai tana gwada aikin. Muka ƙetare ko tafin ƙafarta bai jiƙe ba. Muka dawo da buhunan kalwata a bushe.

Yayana ya zo cikin watan nan zai je gaisuwa ƙetare. Ya shiga ya gyara zama yana yabon kwalta. Na miƙa masa hannu, ya biya.