Man Gemun Kakana

Kwanakin baya maigidana ya dawo daga wajen aski da wata 'yar kwalba a aljihu. Da ya buɗe ta ya ɗiga a tafin hannu, sai ƙamshin kanumfari haɗe da wani abu mai kama da ɓawon lemo ya cika ɗakin. Ina riƙe da tsintsiya na tsaya cak. Ban san lokacin da na tambaye shi wa ya ba shi ba. Ya yi dariya ya ce da hannunsa ya saya, man gemu ne, kowa na shafawa yanzu. Bai gane abin da ya sa na yi tambayar ba, kuma kai ma mai karatu ba za ka gane ba sai na koma da kai gidan da na tashi.

Ƙauyenmu yana arewa da birni, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba daji ko kaɗan, in ka fita daga bayan dangar wani sai ka faɗa gyaɗar wani. Gidanmu babba ne, kakana na wajen uba shi ne kan gida. Akwai mahaifina da iyalinsa, akwai baffana ƙaninsa wanda bai daɗe da aure ba, sai gwaggona, babbar 'yar kakana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Gonakinmu ba su da yawa, amma akwai ɗaya da kowa ke kira gonar bakin titi. Ita ce mafi girma, ita ke cika rumbu, kuma ita motocin da ke zuwa Ɗambatta ke wucewa ta gabanta.

Kakana dogo ne, mai farin gemu da ya sauko har ƙirji. Gemun yana da kyau daga nesa, amma in ka taɓa shi kamar soson wanke tukunya yake. Da kakata tana da rai, ita ke kula da shi. Takan narkar da man shanu a murfin kwano, ta murza masa da safe, ta taje. Bayan ta rasu babu wanda ya tuna da wannan aikin, shi kuma ba mutum ba ne mai roƙo. Da bazara, in zafi ya taso gumi ya shiga ƙarƙashin gashin, sai ka gan shi zaune a zaure kan buzunsa yana susa har fatar haɓarsa ta yi fari tana zuba a gaban riga. Ni ce jikar da yake kira amaryarsa, ina da kamar shekara tara, kuma ni kaɗai yake bari in sa masa mataji. Matajin yakan maƙale, yakan runtse ido, ya ce in bari haka nan.

A irin wannan bazarar ne wani alhaji ya fara zuwa. Mutum ne mai jiki, mai sanyin murya, yana da farar mota da ta ɗan tsufa. An ce yana sayen hatsi a Dawanau, an kuma ce dillalin filaye ne, shi ya yanka gonakin wajen Ungogo ya sayar wa masu gini. Ranar farko gaisuwa kawai ya yi. Zuwa na biyu ya zauna ya daɗe, yana kallon yadda kakana ke susa. Zuwa na uku ya fito da kwalba daga aljihu, ƙarama mai ruwan ƙasa, ya ajiye a gefen buzu.

"Baba, ga wannan a gwada," in ji shi. "Ɗigo kaɗan bayan an wanke gemu da ruwan ɗumi, a murza har ya kai fata."

Washegari ni na shafa masa. Kafin a yi sati susar ta tsaya. Kafin damina ta kankama gemun ya kwanta, ya yi laushi kamar audugar rimi, mataji na wucewa ba gardama. Kakana ya koma shafa shi da hannu in yana magana, yana murmushi shi kaɗai. Duk inda ya wuce a tsakar gida sai ya bar ƙamshin kanumfari a bayansa.

Gwaggona ce ta fara cewa ba ta yarda ba. Mace ce mai kaifin ido, ba ta sayen gishiri sai ta ɗanɗana. Ina jin ta tana surfe da innata tana cewa, mutumin da bai haɗa komai da kai ba, ya taso daga birni ya ƙona mai don gemun tsoho, to ba gemun yake so ba. Ta ce ta san irin aikin nan, a kan haɗa shi a mai ko turare, in ya shiga jikin mutum duk abin da aka ce masa sai ya ce to. Innata ta ce a kyautata zato. Gwaggo ta ce zato mai kyau shi ya raba mutanen Ungogo da gonakinsu.

Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne kakana ya canza da gaske. Mutumin da ba ya son doguwar hira, sai ga shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana sa a share zaure, a shimfiɗa sabuwar tabarma. In alhajin ya zo sukan zauna har la'asar, kana jiyo dariyar kakana daga cikin gida. Yana ba shi labarin shekarar fari, da fataucin da ya yi da jakuna yana saurayi. Wata rana ma, gero ya kai gwiwa, aka ga su biyu suna takawa a gefen gonar bakin titi, kakana yana nuna masa iyaka da sanda. Da labarin ya iso, gwaggo ta ajiye muciya ta zauna.

Daga nan zargin ya shigo cikin gida. Baffana ya daɗe yana cewa noma ba ya fitar da mutum, shi babur yake so ya shiga birni ya yi acaɓa. Gwaggo ta ce shi ya jawo alhajin. Baffa ya rantse bai san shi ba sai a zaure. Mahaifina kuwa ya daina cin tuwo kwano ɗaya da ƙaninsa, yakan ce ya ƙoshi. Matan gida suka rage hira a madafa. In mota ta tsaya a ƙofar gida, kowa sai ya sami abin yi kusa da zaure, wannan tana neman kaza, wannan tana shanya.

Ni kuwa aka sa ni a tsakiya, domin kwalbar ta hannuna take bi kullum. Gwaggo takan kama hannuwana ta shinshina, ta sa in wanke da toka kafin in ci abinci. Wata safiya ta ce in ɗauko mata kwalbar kada kakana ya sani. Ban iya ɓoye masa komai ba, na je na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini. Bai yi fushi ba. Ya miƙo mini kwalbar ya ce in kai mata, ta duba duk yadda take so, amma ta rage masa.

Abin da ta yi da man har yau in na tuna sai na murmusa, ko da yake ranar babu mai dariya. Muna da wani jan bunsuru mai gemu. Ta sa aka riƙe shi, ta shafe gemun nasa da man, kwana uku a jere. Ta ce in akwai kiranye a ciki za a gani. Ranar Juma'a alhajin ya ajiye mota, aka kwance bunsurun. Ya fita ta zaure, ya wuce tulin harawa bai kalla ba, ya nufi motar kai tsaye, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a bayanta yana shinshina, aka yi ta kora ya ƙi tafiya. Gwaggo tana leƙe ta jikin danga. Ta juyo ta dubi mahaifina.

"Yaya, motar hatsi ce," in ji mahaifina. "Wake ne ya zube a ciki."

"Yau ya fara zuwa da ita?" ta ce.

Daga ranar gwaggo ta shiga karɓo rubutu tana zubawa a kunun kakana, tana turara ƙofar ɗakinsa da hayaƙi. Shi kuma yana shan kunun, yana cewa yau tsamiyar ta yi ɗaci, ba ya ƙara komai.

Haka aka ci damina. Aka yanke gero, aka kwantar da dawa, gonaki suka buɗe har kana hango ƙauyen gaba. Wata safiya, ba ranar Juma'a ba, motar ta tsaya, ba a ƙofar gida ba, a bakin gonar. Alhajin ya fito da samari biyu, ɗaya yana riƙe da igiyar awo, kuma baffana yana tsaye tare da su. Ashe baffa ne ya je ya sami alhajin ya ce tsoho ya sauko, a zo kawai a auna. Gidan ya ruɗe. Gwaggo ta yafa mayafi a karkace ta fita, mahaifina ya bi ta. Kakana yana zaune ina taje masa gemu. Ya ce in ƙarasa tukuna. Da na gama ya ɗauki sandarsa, ya ce in riƙe masa buta mu je.

Ya gaisa da alhajin kamar kullum, ya tambayi iyali. Sannan ya dubi igiyar ya ce wa samarin su naɗe ta, kada ƙaya ta yage ta.

"Baba, an ce mini kun amince," in ji alhajin, yana kallon baffana.

"Wanda ya ce maka bai tambaye ni ba. Alhaji, man da ka kawo ya yi mini amfani, Allah ya saka da alheri. Gonar nan kuwa muddin ina numfashi gero za ta yi. In ka zo Juma'a, tabarmarka na nan."

Alhajin ya sunkuyar da kai, ya ce ba komai, Allah ya huci zuciyar Baba. Suka shiga mota suka tafi.

Da muka koma, kakana ya tara 'ya'yansa uku a zaure. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo irin ta ranar ba, kuma ba ta wuce 'yan kalmomi ba. Ya ce tun zuwan farko ya san abin da ya kawo mutumin, ba yaro ba ne shi. Ya dubi gwaggo ya ce ya sha rubutunta duka, ya gode. Sannan ya ce, "Shekara biyu ina susa a zauren nan kuna wucewa. Baƙo mai son gonata shi ya gani. Shi ya zauna ya ji labarina. Ku da kuke son gonar, wa ya zauna?" Babu wanda ya ɗaga kai. Baffana yana ta zane a ƙasa da tsinke.

Abin da ya ba kowa mamaki, ranar Juma'a alhajin ya dawo. Bai sake maganar gona ba, kuma da kwalbar ta ƙare ya kawo wata. Mahaifina ya fara zama da su, wani lokacin har baffa. Gwaggo dai ba ta sauko ba. Ta ce mai haƙuri ne, ya san tsoho ba zai dawwama ba, jira yake.

Kakana ya ƙara shekaru kaɗan ya rasu, a ƙarshen wata damina. Alhajin yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya zauna zaman makoki har aka tashi, na ga yana share ido da hannun riga. Da aka raba gado, gonar bakin titi ta faɗa rabon mahaifina da baffa. Iyali sun yi yawa, taki ya yi tsada, maƙwabta na hagu da dama duk sun sayar an fara gini. Ba a yi shekara biyu ba suka sayar, kuma shi suka nema da kansu, suka ce gara wanda aka sani. Gwaggo ta ce ga shi nan, abin da ta faɗa ya tabbata, aikin bai kama uban ba ya kama 'ya'yan, tunda har da su ake lakatar man a ƙarshe.

Yanzu in na je gida a adaidaita nake wucewa ta wajen. Gidajen bulo ne a jere, da shaguna, da wani wurin wankin mota daidai inda muke tara dami. Nakan yi ƙoƙarin gane iyakar da kakana ya nuna da sanda, ba na iyawa. Na girma, na ga mutane iri-iri, kuma har yau ban yanke wa alhajin nan hukunci ba. Gona ta kawo shi, wannan ba shakka. Ko ita ce ta riƙe shi duk shekarun nan a kan tabarma, Allah kaɗai ya sani, watakila shi kansa bai sani ba.

Abin da na sani shi ne, bayan ya sami gonar, ba sauran abin da zai samu a gidanmu, bai daina zuwa ba. Duk salla sai ya zo gaishe da gwaggo, ya tsufa har yana dogara sanda, a sauke mata shinkafa da man girki. Takan amsa gaisuwarsa daga bayan labule, ta yi masa addu'a da kyau, ta tambayi jikoki. In motarsa ta tashi sai ta kira yaran maƙwabta su kwashe kayan. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa ƙwaya ɗaya a bakinta ba.