Kiran da Bai Sauko Ƙasa Ba

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, ni ne na cika baki. Haɗa kwamfutoci a ofisoshin Sabon Gari shi ne sana'ata, don haka na ce a bar mini zancen yadda zai riƙa kiranmu. Gidanmu na Fagge bene ne, shi yana sama, mahaifiyata Alhaja tana ƙasa a shagonta na atamfa da leshi. Magana ta gagare shi, sai dai motsa baki. Na sayo wani maɓalli kamar murfin kwalba na ɗaura masa a hannun da ke aiki. In ya danna, wayar Alhaja ta yi ƙara. Na gwada a gabansa, har ya yi murmushi da rabin fuska.

Bayan sati biyu dillalan kasuwar Kwari masu zama a bencin shagon suka ishe ni. Kowa ya zo sai ya ce, "Alhaja, a sa mana intanet," ita kuma ba ta iya hana mutum komai. Raina ya ɓaci, na raba layin intanet ɗin gidan biyu a kan suwic, akwatin da duk na'urorin gidan ke haɗuwa a kai: sama daban, shago daban. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da na sani sarai na kuma manta shi ne, maɓallin ba waya ɗaya yake kira ba. Shela yake yi ga duk wanda ke ɓangarensa, irin saƙon da muke ce wa UDP. Suwic kuwa ba ya tsallakar da shela zuwa ɗaya ɓangaren sai an rubuta masa umarni, layi ɗaya tak. Na sake gwadawa fa, amma a sama, lokacin Alhaja ta hau kai masa koko da wayar a hannunta.

Wata Laraba bayan azahar ina cikin cunkoson motoci a Bata, Alhaja ta kira ni tana kuka. Ta same shi a ƙasa tsakanin gado da bango. Ya matsu ne, ya kira bai ga kowa ba, ya yi ƙoƙarin sauka da kansa. Bai karye ba, amma ya ɓata jikinsa, mutumin da bai taɓa zuwa masallaci da riga marar guga ba. Da na iso ta ce, "Kai ka ce mini za ta yi ƙara. Tun safe wayar nan tana kan cinyata."

Na buɗe kwamfuta na duba. Sau goma sha bakwai ya danna, ga su a jere da lokutansu, ko ɗaya bai wuce sama ba. Na rubuta layin umarnin, minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Na sauka shago da wayar, Alhaja ta danna maɓallin daga sama, wayar ta yi ƙara. Kunya ta rufe ni, na zauna a bencin dillalan na kasa tashi.

Daga baya na hau na durƙusa gaban gadon na ce, "Baba, laifina ne. Na gyara." Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannun. Na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe so yake in kwance masa maɓallin. Na roƙe shi har da hawaye, bai janye hannun ba. Na kwance.

Tun daga ranar cokali yake buga wa kofin silba. Alhaja ta bar wa ƙanwarta shagon ta koma sama da zama, don daga ƙasa ba a jin cokali.